Zoben da Aka Ɗinka a Zuciyata

Ciwon maƙogwaro ya zame mini jiki tun ina aji biyu na firamare, har mutanen gidanmu suka daina lissafa shi cikin rashin lafiya. Yakan zo da zazzaɓi mai zafi, haɗiyar yawu ta gagare ni, kaluluwa ta fito mini a ƙarƙashin muƙamuƙi, a ba ni maganin rage raɗaɗi, bayan 'yan kwanaki in miƙe in koma makaranta. Babu wanda ya taɓa cewa in buɗe baki ya haska ciki, domin a ganin kowa ciwon da yake tafiya da kansa bai kai a je asibiti dominsa ba.

Ina da shekara tara abin ya sauya salo. Makonni kaɗan bayan wani ciwon maƙogwaro ya lafa, sai gwiwata ta dama ta kumbura ta ɗauki zafi, ko mayafi ne ya taɓa ta sai na yi ihu. Kafin a gama jinyarta ta sace, ciwon ya koma idon sawu na hagu, daga nan ya haura wuyan hannu. Wannan yawo da ciwon yake yi daga gaɓa zuwa gaɓa shi ya sa wasu manya suka fara zargin ko ƙarya nake shirgawa don gudun makaranta, tunda jiya na ce gwiwa, yau kuma na ce hannu. A cikin waɗannan kwanaki ne mahaifiyata, tana yi mini wanka, ta lura da wasu zane-zane a cikina da bayana masu siffar zobe, tsakiyarsu fes, gefensu ya ɗan yi ja. Ba sa ƙaiƙayi, ba sa ciwo, sukan ƙara fitowa idan ruwan wankan yana da ɗumi, sannan su dushe kafin yamma. Ta ɗauka makero ne, ta nemo man shafawa ta yi ta goga mini, da suka ɓace ta gode wa Allah. An yi mini maganin zazzaɓi, gaɓoɓin suka warke sarai ba tare da sun bar wata alama ba, maganar ta wuce.

Shekaru fiye da goma suka biyo baya ba tare da wani abin a zo a gani ba. Abin da nake iya tunawa shi ne ban taɓa iya gudu kamar sa'o'ina ba, kuma idan ina hawa bene sai na tsaya a tsakiya na sunkuya ina gyara takalmi domin kada a ga ina haki. An laƙaba mini ragwanci, ni ma na karɓa, na tsara rayuwata a kan guje wa duk abin da zai sa ni gaggawa. Na gama karatu, na fara koyarwa, na yi aure.

Cikina na fari ne ya tona asirin. Jinin mace mai juna biyu yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake a da, kuma zuciya ce take ɗauke da nauyin tura shi. Lafiyayyar zuciya takan yi wannan aiki ba tare da mai ita ta sani ba, tawa kuwa ta gaza. Da cikin ya shiga wata na bakwai na daina iya kwanciya a miƙe, sai na jera matasai na jingina, kuma duk da haka tari yakan tashe ni tsakar dare ina neman iska. Ƙafafuna suka kumbura, aka ce ai haka masu ciki suke yi, na yi ta haƙuri. Ranar wani awo ne ma'aikaciyar jinya, bayan ta gama sauraron bugun zuciyar ɗan da ke cikina, ta lura da yadda nake numfashi, ta ɗora abin sauraro a ƙarƙashin nonona na hagu, ta daɗe ba ta ɗaga ba. Da ta ɗago sai ta ce, "Baiwar Allah, an taɓa gaya miki kina da ciwon zuciya?" Na ce a'a. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta rubuta takarda ta haɗa ni da likitan zuciya a ranar.

An kwantar da ni a gefen hagu, aka shafa mini wani mai mai sanyi a ƙirji, likitan ya yi ta zagaya kan na'urar hoton zuciya tsakanin haƙarƙarina. Ya juyo allon yadda zan gani. A duk bugu ɗaya, wani feshi mai launuka yana tsartuwa ta baya zuwa inda jinin ya fito, kuma ko ni da ban san komai ba na gane cewa ba haka ya kamata ya kasance ba. Ya ɗauki takarda ya zana mini. Ya ce tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na ɓangaren hagu na zuciya akwai bawul mai suna mitiral, wanda ya yi kama da ƙofa mai ƙyaure biyu, kuma ƙyamaren suna kafe ne a jikin wani zobe na nama mai tauri da yake matsayin firam ɗin ƙofar. Idan ɗakin ƙasa ya matse domin ya tura jini zuwa jiki, dole ƙyamaren su haɗu su rufe ruf. Nawa ƙyamaren sun yi kauri, ɗaya ya ƙanƙance, firam ɗin kuma ya buɗe ya yi faɗi, saboda haka ko sun rufe ba sa haɗuwa, sai jini ya riƙa komawa baya yana cunkushewa a huhu. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ciwon yana ciyar da kansa: yoyon yana sa ɗakunan zuciya su faɗaɗa, faɗaɗarsu tana ƙara ja wa zoben, buɗewar zoben kuma tana ƙara yoyon.

Daga nan ya yi mini tambayar da ta ba ni mamaki. Ya ce, "Malama, kina yarinya kin yi fama da ciwon maƙogwaro? Gaɓoɓinki sun taɓa kumbura ɗaya bayan ɗaya?" Da na ba shi labarin, har da zane-zanen da aka ɗauka makero ne, sai ya ajiye biro. Ya bayyana mini cewa a mashigar maƙogwaro akwai wani jerin naman garkuwar jiki da ya kewaye hanyar iska da ta abinci: ɗaya a sama bayan hanci, ƙanana kusa da bututun da ke zuwa kunne, manyan ƙululu biyu na gefe da ake kira tonsil, da wani a gindin harshe. Likitoci suna kiran wannan da'ira da sunan Waldeyer, masanin ƙirar jiki ɗan Jamus da ya siffanta ta a 1884. Aikinta tare ƙwayoyin cuta tun daga bakin shiga. Yawancin ciwon maƙogwaro bairos ne ke kawo shi kuma yakan tafi da kansa, amma akwai wata bakteriya mai suna sitireptokokus ta rukunin A, wadda wani sinadari na jikinta ya yi kama da na naman zuciya da na gaɓoɓi. A jikin wasu yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15, garkuwar da ta tashi yaƙar wannan bakteriya takan kasa bambance maƙiyi da na gida, ta koma kan gaɓoɓi da fata da bawulolin zuciya bayan mako biyu zuwa uku. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik. Gaɓoɓi suna warkewa, bawul kuwa tabo yake yi, kuma duk dawowar ciwon tana ƙara tabon. Ciwon gaɓoɓi mai yawo da kurjin nan mai siffar zobe duk suna cikin manyan alamomin da ake dubawa a ma'aunin da likita T. Duckett Jones ya fara tsarawa a Amurka a 1944, wanda aka yi ta sabuntawa har zuwa yau. Ya ƙara da cewa kurjin ba kowa yake fito wa ba, kuma yana da wuyar gani a baƙar fata, don haka mahaifiyata ta yi ido da ta gan shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin bayaninsa shi ne maganin. Fenisilin da ake sha na kwana 10, ko allurarsa guda ɗaya mai daɗewa a jiki, idan aka ba yaro a lokacin da maƙogwaron yake ciwo, yana hana mafi yawan wannan bala'i aukuwa. Ba na jin akwai wata magana da aka taɓa faɗa mini da ta yi mini nauyi kamar wannan, domin ta nuna mini tazarar da ke tsakanin abin da ake buƙata a lokacin da abin da nake fuskanta yanzu. Daga baya na karanta cewa masu irin ciwona a duniya sun haura miliyan 40, kuma yana kashe fiye da mutum 300,000 a kowace shekara, mafi yawansu a inda yara ke kwana a cunkushe kuma asibiti yake da nisa, alhali a ƙasashen da suka wadata ya kusa zama tarihi. Sai a 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman a kansa. A ganina wannan jinkiri ya nuna su wane ne ciwon yake kashewa.

Gaya wa mahaifiyata ya fi mini wuya a kan jin labarin da kaina. Na so in ɓoye mata tushen ciwon, amma da ta raka ni asibiti ta ji ana maganar maƙogwaro, sai ta haɗa lissafin da kanta. A hanyar komawa ba ta ce uffan ba, sai da dare ta zo ta zauna a bakin gadona ta ce, "Ashe da hannuna na shafa miki man makero a kan ciwon zuciya." Na ce, "Mama, ke kaɗai ce kika gan shi, kuma babu wanda ya taɓa gaya miki abin da yake nufi." Na maimaita mata wannan magana sau da yawa a shekarun da suka biyo baya, kuma ban tabbata ta taɓa karɓarta har zuci ba.

Sauran watannin cikin na yi su ne tsakanin gida da gadon asibiti, ina shan maganin da ke sa yawan fitsari domin rage ruwan da ya taru a huhu. Na haifi 'yata lafiya, amma kwanakin farko bayan haihuwa sun fi na cikin tsanani, saboda jinin da yake zagaya mahaifa yakan dawo cikin jijiyoyi gaba ɗaya, zuciyar da take ɗingishi kuma ta rasa yadda za ta yi da shi. Ina jin kukan jaririyata daga ɗaya gefen ɗaki, ina sanye da abin shaƙar iska, ba ni da ƙarfin ɗaukarta. Bayan na farfaɗo aka ɗora ni a kan allurar fenisilin ta wata-wata domin kada bakteriyar ta sake samun dama. Allura ce mai kauri da zafi, wurin yakan yi kwanaki yana tsami, kuma duk wanda ya ce ana sabawa da ita bai sha ta ba.

Magani ya riƙe ni na wani lokaci, amma kowane sabon hoto yana nuna ɗakin sama na hagu yana ƙara girma. Likitan ya ce idan aka bar shi haka bugun zuciyar zai rikice, jini ya riƙa kwanciya a lungun ɗakin yana daskarewa, wata rana gudan jinin ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. A lokacin na riga na zama mai yawan karance-karance, kuma na ci karo da bayanin wata da'irar jijiyoyin jini da ke gindin ƙwaƙwalwa, wadda Thomas Willis na Ingila ya yi bayaninta a 1664, inda manyan jijiyoyin gaba da na baya suke haɗuwa ta yadda idan ɗaya ta toshe jini zai iya zagayowa ta wata. Na tambaye shi ko wannan ba za ta cece ni ba. Ya yi murmushi ya ce a jikin mutane da yawa da'irar ba ta ma cika ba, kuma gudan jinin da ya taso daga zuciya yakan wuce ta ne ya je ya maƙale a wani reshe da ke gaba, inda babu wata hanyar zagaye. Ya ce lokacin tiyata ya yi, kuma gara a yi tun tsokar zuciyar ba ta gaji ba.

A nan ne na shiga mafi wuyar shawara a rayuwata. Likitan tiyata ya zaunar da ni da maigidana ya shimfiɗa mana hanyoyin da ake da su. Ana iya cire bawul ɗin a sa na ƙarfe, wanda yakan yi wa mutum ƙarko har ƙarshen rayuwa, amma jini yana son daskarewa a jikinsa, don haka sai an sha wafarin, maganin hana jini daskarewa, kullum har abada tare da gwajin jini a kai a kai. Wafarin kuwa yana iya nakasa ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, kuma ciki da bawul ɗin ƙarfe hatsari ne babba ga uwa da ɗa. Ana iya sa wanda aka yi da naman dabba, wanda ba ya buƙatar wafarin na dindindin, sai dai yakan lalace cikin shekara 10 zuwa 15, kuma a jikin matasa ya fi saurin lalacewa, wato an sayi tiyata ta biyu ke nan tun kafin a yi ta farko. Sai kuma gyara: a bar mini bawul ɗina, a fefe kaurin, a saki inda ya manne, sannan a ɗinka zoben roba a kan zoben naman da ya buɗe domin a dawo da shi girmansa da siffarsa. Ya ciro samfurin zoben daga aljihun tebur ya ɗora mini a tafin hannu. Ban zaci ƙanƙantarsa ta kai haka ba. Ba da'ira ce cikakkiya ba, gefe ɗaya a miƙe yake kamar harafin D, an lulluɓe shi da farin yadi mai laushi wanda allura za ta iya ratsawa, ciki kuma akwai abin da ke riƙe masa siffa. Ya ce likitan Faransa Alain Carpentier ne ya ɓullo da wannan dabara a ƙarshen shekarun 1960.

Da a ce zaɓi ne kawai tsakanin ukun, da ban wahala ba, domin zuciyata ta karkata ga gyara tun kafin ya rufe baki. Matsalar ita ce ya ƙi yi mini alkawari. Ya ce bawul ɗin da zazzaɓin rumatik ya ci ya fi kowane iri wuyar gyara, kuma ba zai san ko nawa zai gyaru ba sai ya buɗe ya gani da idonsa, a lokacin kuwa ina cikin barci ba za a iya tambayata ba. Saboda haka dole in sa hannu tun yanzu a kan wanda za a sa mini idan gyaran ya faskara. Maigidana bai yi wata-wata ba ya ce na ƙarfe. Hujjarsa ita ce ya ga yadda na kusa tafiya a haihuwar fari, 'ya ɗaya ta ishe shi, kuma ba zai iya tsayawa a ƙofar ɗakin tiyata sau biyu ba. Ni kuwa ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina son ƙarin haihuwa, kuma ina tsoron rayuwar da kowane yanka da kowane jinin al'ada zai zama abin fargaba. Gaba kura, baya sayaki. Mun yi makonni muna kwana da maganar muna tashi da ita, wani lokaci cikin lalama, wani lokaci kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Abin da ya warware ta shi ne wani dare da na ce masa, "Ni za a yanka, kuma ni zan sha maganin kullum. Ka bar ni in ɗauki wanda zan iya ɗauka." Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na sa hannu a kan na nama. Har yau ba na cewa ra'ayinsa kuskure ne, domin na ga matan da suka zaɓi na ƙarfe suna zaune lafiya, amma na yi imani cewa irin wannan shawara ta mai jikin ce.

Abin da ya faru a ɗakin tiyata daga bakin likitan da takardar rahoton aikin na san shi. An tsaga ƙashin ƙirjina a tsaye, aka haɗa ni da na'urar da take karɓar aikin zuciya da huhu, irin wadda John Gibbon ya fara yin nasarar amfani da ita a 1953, sannan aka zuba wa zuciyar wani ruwa mai sanyi mai yawan fotasiyam ta tsaya cik. Da ya buɗe ɗakin sama ya tarar da abin da ya yi tsammani: ɓangaren baya na zoben ne ya buɗe, domin ɓangaren gaba yana jingine da ƙaƙƙarfan naman da ke riƙe da bawul ɗin babbar jijiya, ba ya saurin miƙewa. Ya raba inda ƙyamaren suka manne a kusurwa, ya rage kaurinsu, ya saki zaruruwan da ke riƙe da su daga ƙasa waɗanda suka cure. Sannan ya auna ƙyauren gaba da ma'auni domin ya san girman zoben da ya dace, ya jera zaren ɗinki kewaye da zoben naman, ya ratsa kowane zare ta cikin yadin zoben roba, ya zura shi ƙasa ya ɗaure ɗaya bayan ɗaya. Gwajin farko mai sauƙi ne ƙwarai: ya cika ɗakin ƙasa da ruwan gishiri ya tsaya yana kallo ko zai tsarto. Bai tsarto ba. Bayan zuciyar ta ci gaba da bugawa aka sake dubawa da na'urar hoto da aka zura ta maƙoshi, sannan aka ɗaure ƙashin ƙirjin da wayoyin ƙarfe.

Na farka da bututu a bakina, ba na iya magana, kuma tambaya ɗaya ce a raina. Ma'aikaciyar jinya ta gane, ta sunkuyo ta ce, "Naki ne, an gyara." Hawaye suka bi ta gefen idona suka shiga kunne, ba ni da hannun sharewa.

Jinyar ta yi tsawo kuma babu abin burgewa a cikinta. Tari shi ne babban abokin gaba, kuma dole a yi shi domin huhu ya buɗe, sai in rungume matashi a ƙirji in runtse ido. Ƙashin ƙirji yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, a tsawon wannan lokaci an hana ni ɗaukar duk wani abu mai nauyi, ciki har da 'yata, wadda take miƙo hannu tana kuka ba ta san dalilin da ya sa nake ja da baya ba. Na sha wafarin na 'yan watanni har naman jikina ya rufe yadin zoben. A gadon da ke kusa da nawa akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha huɗu ba, wadda nata bawul ɗin bai gyaru ba aka sa mata na ƙarfe, kuma idan ɗakin ya yi tsit ana jin ƙarar bugunsa daga inda nake kwance. Mahaifiyarta ta gaya mini cewa kafin a gano ciwon, hannun yarinyar ya yi ta fizga har rubutunta ya lalace, ana ta dukanta a kan wasa da karatu, alhali wannan fizgar ma alamar zazzaɓin rumatik ce idan ya taɓa ƙwaƙwalwa. A matsayina na malama wannan labari ya dame ni fiye da yadda na nuna mata.

Ranar da na hau bene har sama ba tare da na tsaya ba, na yi tsaye a can ina jiran hakin ya zo, bai zo ba. A ranar na gane cewa tun ina yarinya ban taɓa sanin yadda sauran mutane suke numfashi ba, kuma ragwancin da aka laƙaba mini ba halina ba ne. Bayan likitoci sun tabbatar da gyaran ya zauna, suka ba ni izinin ɗaukar ciki bisa sharaɗin a riƙa duba zuciyar a kowane mataki, na haifi ɗa namiji ba tare da na kwanta ba sai ranar haihuwa.

Zoben bai warkar da ciwon ba, kuma an gaya mini haka tun farko. Ya gyara siffar bawul ɗin ne kawai, tabon da ke jikin ƙyamaren yana nan, garkuwar jikina kuma ba ta manta da bakteriyar ba. Don haka har yanzu ina karɓar allurar fenisilin, kuma an ce zan ci gaba aƙalla har in kai shekara 40, wataƙila ma har ƙarshen rayuwa tunda aikina cikin yara ne. Ina kula da haƙorana fiye da da, domin ƙwayoyin cutar baki suna iya shiga jini su sauka a kan zoben, kuma duk likitan haƙorin da zai taɓa ni sai na nuna masa katin da aka ba ni mai ɗauke da nau'in zoben da girmansa. A gida da aji na zama mai leƙa maƙogwaron yara. Idan yaro ya zo da zazzaɓi da zafin haɗiya da kaluluwa a wuya, ba ya tari ba ya mura, musamman idan na hango fari-fari a kan tonsil ɗinsa, ba na barin maganar sai an kai shi an duba. Wasu iyayen suna ganin na cika zaƙewa, nakan ja wuyan rigata kaɗan in nuna musu farkon tabon.

Hoton da aka yi mini na baya-bayan nan ya nuna ɗan yoyo ya dawo, kuma ƙofar ta fara ƙuntata kaɗan, abin da likitan ya ce ba baƙo ba ne ga bawul irin nawa. Bai kai a taɓa shi yanzu ba, amma ya rage tazarar da ke tsakanin ganinmu, ya kuma ce in fara tunanin cewa wata rana za a sake buɗewa, kuma a karo na biyu da wuya gyara ya yiwu. Ya tambaye ni ko na san wanda zan zaɓa. Na ce masa na gama haihuwa, 'ya'yana suna buƙatar uwar da ba za a yi ta kai ta ɗakin tiyata ba, saboda haka idan lokacin ya zo a sa mini na ƙarfe, zan sha wafarin. Maigidana yana zaune a gefe, ya dube ni bai ce komai ba, likitan kuma ya rubuta a fayil ɗina.